Gansakukar Marcel

Marcel malamin kimiyya ne a wata sakandare a Garwa, amma 'yan unguwa sun fi saninsa da mai kiwon gansakuka. Daga wani kududdufi kusa da Mayo-Oulo ya ɗebo irin, 'yan mitsi-mitsi ne da ido ba ya rarrabewa, sai dai ka ga ruwan kwalba ya yi kore shar. In an ba su taki sai su hayayyafa, amma babu mai a jikinsu. In an janye takin aka bar su da hasken safiya, sai su yi rawaya su tara mai. Ranar tsaka kuwa dafa su take yi. Ya taɓa tatsar rabin kofi na man ya haɗa da gazuwal, wato man dizal, injin ban ruwan wani mai lambu a bakin kogin Binuwai ya tashi da shi. Ranar har rawa Marcel ya taka.

Da ciwon hanta ya yi ajalinsa, kwalaben suka koma hannun matarsa Rosine. Tela ce, amma ta daɗe tana kallon yadda yake yi. Kullum kafin ta hau keken ɗinki sai ta girgiza su, ta matsar da su inuwar baranda.

Ana tsakiyar bazara aka aiko mata cewa mahaifiyarta ta faɗi ta karye a ƙauye. Rosine ta bar wa tsohuwar maƙwabciyarta, Hajja Ache, makulli.

"Girgizawa kawai, Hajja, safe da yamma."

"Je ki, 'yata, kada ki damu."

Da ta dawo, wari ne ya fara tarbarta. Kwalaben na jere a kan katanga cikin rana, ruwan ya yi fari, ƙasansa baƙin dauɗa.

"Gani na yi sun yi rawaya kamar mai shawara," in ji Hajja. "Sai na fitar da su su sha rana, na ɗan zuba musu takin albasa. Ban yi daidai ba?"

Rosine ta ɗaga kwalba ɗaya tana dubawa, ko ɗigon kore babu. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta dubi tsohuwar ta fasa.

"Ba laifinki ba ne, Hajja. Ni ce ban yi miki bayani ba."

Hajja ba ta tafi ba. Ta ɗebo ruwa da soso, suka durƙusa tare suna wanke kwalaben. Rosine na kuka a hankali, tsohuwar na karɓa tana kifewa su tsane.