Keke Mara Nauyi

"Ɗaga shi da yatsa biyu," in ji mai kekuna. "A'a, Malam, yatsa biyu na ce, ba runguma ba."

Auta ya sa yatsunsa a ƙarƙashin sirdin ya ɗaga. Keken ya taso kamar kwandon da ba komai a ciki. Ya sauke, ya sake ɗagawa, yana murmushi shi kaɗai. Mutum ne da furfura ta ci masa rabin kai, ga jikoki, amma har yau Auta ake ce masa, a gida da kuma maɗaba'ar da yake aikin yankan takarda. Yayansa ne ya liƙa masa sunan, ba kuma wanda ya isa ya ɓamɓare shi.

Saboda yayan nan ya zo wannan rumfa ta kekunan hannu. Tun suna samari suke hawan tudun bayan gari tare, Yaya a gaba, shi a baya yana haki yana roƙon a jira shi. Daga baya Auta ya yi tumbi ya jingine keke, shi kuwa Yaya bai fasa ba, har gida ya gina a can saman tudun. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Yanzu a keken guragu yake wuni a bakin taga, yana kallon masu hawowa, kuma duk ranar da tasi ta ajiye Auta a ƙofar gida sai ya ce da harshensa mai nauyi, "Kai ma ɗauko ka ake yi?" Wasa yake yi, amma maganar tana sukar Auta. Abin da yake so a duniya bai wuce Yaya ya leƙo ya hango shi yana hawowa da ƙafafunsa ba.

"Rashin nauyi kaɗai ba ya hawan tudu," mai kekuna ya ci gaba, yana juya tayar baya. "Dubi haƙoran giyar nan, ƙanana ne. Na 'yan tsere ne, masu cinya kamar turmi. Kai da wannan tumbin, ba raini ba, kafin kwanar farko ka fara salati."

"Tumbin ka zo sayarwa ko keke?"

"Duka biyun za su hau ai. Zo ka ga wani."

Suka ratsa cikin rumfar, kekuna a rataye ta ko'ina, warin bakin mai da roba ya cika wurin. Mai kekuna yana nuna masa yadda ake bin mahaɗar ƙarfe da farce don neman tsaguwa, da yadda ake matse birki a girgiza kan keke a ji ko yana lilo. Wani ya yi nauyi, wani ya taɓa faɗuwa an shafe tabon da fenti, wani kuma Auta ya so shi amma tayarsa tana rawa. Can ƙurya mai kekuna ya sauko da wani shuɗi, siriri, wanda fentinsa ya koɗe.

"Wannan kam mai shi ya san tudu. Ga babbar giya a baya, ga rashin nauyi. Sai dai ina jin yana da ɗan taɓin hankali. Dubi abin da ya yi wa hannun birki."

Auta ya matso ya duba. Hannayen birkin duk an huda su da ƙananan ramuka a jere, wai don a rage nauyi. A na hagu, rami ɗaya ya kauce daga layi. Keken Yaya ne. Auta ne ya riƙe ƙarfen ranar da Yaya yake hudawa, atishawa ta kama shi, ya sha zagi har da rankwashi, alhali a lokacin yana da 'ya'ya.

"Wa ya kawo maka shi?"

"Wata baiwar Allah. Ko ciniki ba ta tsaya yi ba."

Auta ya bi keken da kallo. Ko ranar Asabar da ta wuce sai da Yaya ya tambayi matarsa ko an shafa wa keken mai, ta ce an shafa, yana nan a sito yana jiran ya warke. Ashe nan yake a rataye, kowa ya zo ya lallatsa. Gobe wani yaro mai cinya zai saye shi, kuma duk mai sayen irin wannan keken tudu zai nufa, ta gaban tagar nan zai bi.

"Ya ɗan yi maka girma," in ji mai kekuna. Bai jira amsa ba ya zaro sifana, ya sauke sirdin har ƙasa, kamar yadda yake yi wa kowane mai saye. "Hau mu gani."

Auta ya hau, ya zagaya layin sau ɗaya, idanunsa suna yaji. Bai taɓa hawansa ba, domin Yaya ko taɓawa ba ya bari a yi. Ya dawo ya biya abin da aka ce, bai nemi ragi ba, har mai kekuna ya bi shi da kallon tausayi. Abin da ya tara don nasa keken ya tafi ke nan, ga shi wannan ma ba hawa zai yi ba.

A bayan tasi ya sa shi, ya ce wa direba ya bi ta hanyar baya. Rana ta take sosai lokacin da matar Yaya ta buɗe ƙaramar ƙofa. Tana ganin abin da ya turo ta dafe bango.

"Auta, a ina..."

"Inda kika kai shi."

"Kada ka yi mini wannan kallon." Muryarta ta karye. "Likita ya gaya mini gaskiya tun tuni. Kullum na shiga sito sai in gan shi, sai in fito ina kuka. Na gaji, Auta. Ni ma mutum ce."

"Ban ce komai ba. Buɗe siton mu mayar da shi kafin ya farga."

Da ɗauka ya yi da an wuce wurin, keken da yatsa biyu ke ɗagawa. Amma sai ya tura shi, tayar baya ta shiga ƙararta, tik-tik-tik, a kan simintin tsakar gida.

"Wa ke taɓa mini keke?"

Daga falo muryar ta fito, a karkace amma da ƙarfinta. Auta da matar Yaya suka dubi juna.

"Ni ne, Yaya. Mai zan shafa masa."

"Kawo shi nan."

Ya tura shi har gaban keken guragun. Yaya ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, hannun dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya miƙa na hagu ya shafa kan keken, ya matse birki, ya saki. Fuskarsa ta yi haske, rabon da Auta ya ga haka tun kafin ciwon. Sai idonsa ya sauka a kan sirdin, ya tsaya a nan.

"An sauke shi."

Auta ya dubi sirdin. Sam ya manta.

"Kuma ba da sifanata ba," in ji Yaya, yana shafa kan kusar da ɗan yatsa. "An ci mata baki. Wannan aikin 'yan kasuwa ne."

Matarsa ta juya musu baya, kafaɗunta suna rawa. Yaya ya daɗe yana kallonta, ba da fushi ba. Sannan ya dubi hannunsa na dama, ya dubi ƙaninsa daga sama har ƙasa.

"Ƙafarka tana kaiwa?"

"Tana kaiwa, Yaya. Amma yanzu zan ɗaga maka shi yadda yake, kafin ka..."

"Bar shi."

"Haba Yaya, ai da ka samu sauƙi..."

"Auta." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Na ce ka bar shi haka."

Auta ya riƙe keken da hannu biyu. Ga Yaya a gabansa, amma kewarsa yake ji.

"Gangara har ƙasa ka hawo," in ji Yaya. "Ka sa babbar giya tun kafin kwana, kada ka jira sai ka ji wuya. In ka sauka ka tura, ina ganinka."

"Zan daɗe fa."

"Ina zan je?"

Ya juya kai wajen matarsa. "Ke kuma share fuskarki, zo ki matsar da ni kusa da taga."

Auta ya fita da keken ta babbar ƙofa.