Makulli a Ƙasan Tafki

"To mu yi ta ƙare, Baba," in ji Priyanto, yana kaɗa makullin motarsa. "Ranar wankan shiga azumi zan jefa wannan a wuri mafi zurfi. In na hango shi daga baki, tafki ya ƙara shekara. In ban gani ba, masu sito su zo su cike shi da ƙasa."

Baba Sarjito ya miƙa masa hannu. "Na yarda. Amma ka zo da tabaranka, kar ka ɗora wa ruwana laifin idonka."

Tun Priyanto yana tsumma Sarjito ke kula da tafkin iyon nan na bayan garin Klaten. A zamanin marigayi Alhaji Sastro, uban Priyanto, ruwan maɓuɓɓuga ne ke shiga ta nan ya fice ta can zuwa gonakin shinkafa. Jajibirin azumi kuwa gari kan tashi kacokan a zo wanka, masu soyen ayaba har bakin titi. Daga baya aka toshe mafitar, aka shimfiɗa tayil, aka koma zuba kulorin, maganin tsabtace ruwa. Yanzu Alhaji ya kwanta dama, jama'a sun koma sabbin wuraren iyo masu abin sulalowa cikin ruwa.

Damuwar Sarjito ɗaya ce, farar hodar nan da yake kira laimar kulorin. In babu ita, kafin azahar rana ta lashe kulorin, sai gansakuka ta samu gida. Ya zuba ya zuba, duk awon da ya yi sai ya tarar ta ragu. Ita kuwa rana ba ta cin ta, iska ba ta ɗaukar ta, sai dai ta bi ruwa ta tafi. Ke nan ruwa na fita. To amma tafki kullum a cike yake fal.

Ana saura kwana kaɗan, ya yi sammako daga masallaci ya biyo ta wajen. Sai ya ji ƙarar da ya daɗe bai ji ba, ruwa na gudu. Hajiya Wartini ce, uwar Priyanto, durƙushe gaban tsohon famfon maɓuɓɓuga, ta murɗe shi da hannu biyu. Ruwa na tumbatsa ta ɗaya gefen yana gangarawa gona.

"Hajiya! Ashe ke ce ɓarauniyar hodata?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Wace hoda kuma? Ruwan Alhaji nake ba wa hanya. Tun da watan Sha'aban ya kama nake jin shi a raina. Ka manta abin da yake cewa? Ba a wanke zunubin shekara da ruwan da ke kwance."

"Na tuna. Har da ranar da ya jefa ni ciki da sabon zanena."

Ta yi dariya har da tari. "Ka fito kamar jiƙaƙƙen zakara."

Ba ta san da cinikin ba. Sarjito ya dubi famfon. In ya ɗaure shi da waya kawai, ya ƙara hoda, ruwa zai yi garau, shi ke nan ya ci. Ya dubi ƙafafunta da ta zauna ta tsoma cikin ruwan, tana motsa yatsu kamar yarinya.

"Matsa, Hajiya," ya ce. "Rabi kika buɗe. Alhaji har ƙarshe yake murɗawa."

Ranar wanka ruwan ya wayi gari da sanyin dutse da ɗan kore-kore kamar ganyen shayi. Labari ya zaga cewa an saki maɓuɓɓuga. Tsofaffi suka zo da jikoki, mai ayaba ɗaya ma ta kafa kaskonta.

Priyanto ya iso da tabaransa, ya jefa makulli, ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Baba, ban gani ba."

"Ni ma haka. Ka ci."

"To ciro mini."

"A'a, ɗana. Jefawa muka yi ciniki, ban da cirowa. Ƙirjina ya tsufa."

Dole Priyanto ya tuɓe riga, ya faɗa. Ya ɗago yana haki, yana ihun sanyi, irin ihun da ya yi ranar da ubansa ya fara sakin sa a nan. Uwarsa na baki tana tafa hannu. Ya samu makullin tun nitson farko, amma sai la'asar ya fito.

Bayan salla motocin ƙasa suka zo, don magana magana ce. Priyanto ya samu fili, masu sito suka samu sito. Sarjito ya rasa aiki da rabin buhun hoda. Hajiya kuwa, da ba a yi cinikin da ita ba, ita ta tashi da riba, har ta rasu tana ba da labarin wankan shekarar nan.