Zirin da Tasi'u Bai Gama Ba

Ranar Talatar da Tasi'u ya faɗi a gona, Malam Ƙasimu na zaune gindin gawo yana karatu. Bai ɗaga kai ba sai da ya ji ƙarar fartanya ta ɗauke.

Maƙwabtakarsu biyu ce: katanga ɗaya a Sabon Gari, iyakar gona ɗaya a Lajawa. Ƙasimu tsohon malamin makaranta ne. Tun rasuwar matarsa Safara'u ya janye jiki daga mutane, don a ganinsa littattafai ba sa zuwa gaisuwa su tsaya cin tuwo. A cikinsu ya karanta cewa shuka na zuƙe kabon, sinadarin da ke ɗumama duniya, kuma in aka bar kara da ganye suka ruɓe a gona, ƙasa za ta riƙe shi, ta yi baƙi, ta daɗe da laima. In aka ƙona, sama zai koma. Daga nan ya daina shara da ƙuna. Gonarsa ta kwanta ƙarƙashin tarin kara, shekara bisa shekara, yadda tartsatsi ɗaya zai iya lashe komai.

Tasi'u kuwa duk bazara sai ya tara yayinsa ya cinna wuta, kamar yadda ya gada.

"Malam, gonar nan taka sak ɗakinka," yakan ce. "A yi aure ko a samu mai shara."

"Sarkin hayaƙi, in ka gama ƙona duniya ka sanar da ni."

Iyakar hirarsu ke nan, kuma ita kaɗai ce hirar da ta rage wa Ƙasimu.

Asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, suka sallamo shi. Ƙasimu ya shiga duba shi da la'asar, ya tarar da shi kwance a zaure kan tabarma, baki a karkace, babban ɗansa Mudassir na yi masa fifita. Ya yi gaisuwa a gajarce, ya ƙara da cewa tun da aka kwantar da shi iskar Lajawa ta samu lafiya. Tasi'u ya yi dariya da rabin fuska. Sannan ya kamo hannun ɗansa.

"Kar ka kunna. Ban gama ta wajen Malam ba."

Mudassir ya ɗauka zafin ciwo ne. Ƙasimu ya gane, amma sai ya tsura wa buta ido, ya ce bari ya je kar magariba ta riske shi.

Ranar Juma'a da hantsi kuka ya tsallako katanga. A maƙabarta, da aka miƙo wa Ƙasimu ƙasa ya zuba, sai ya kama kansa yana murza ta a yatsu yana duba launinta. Ya yi sauri ya sake ta.

Bayan sadakar bakwai Mudassir ya ce gobe zai ƙona gona, hadari ya fara haɗuwa. Ƙasimu ya ce ya ɗan dakata masa zuwa jibi.

Da sassafe ya isa Lajawa. Zirin na nan a bakin iyaka, faɗin taku, an kankare shi tas har ƙasa don kada wuta ta tsallaka cikin karan Ƙasimu. Duk shekara haka Tasi'u ke yi, yana tsiya yana kankara, shi kuwa yana gindin gawo yana juya shafi kamar bai gani ba. Bana zirin ya tsaya a rabi. Fartanyar na yashe inda ta faɗi, gara har ta fara hawa ƙotar.

Ya kakkaɓe ta, ya sunkuya ya ɗora daga inda aka tsaya. Bayansa ya amsa tun sara na farko. Da ya miƙe yana haki, ya dubi gonar da ba kowa, ya faɗi abin da ko baƙo mai wucewa kan faɗa wa manomi.

"Sannu da aiki, Tasi'u."