Yajin Gaya

Ni Gwaggo Amarya ta riƙe, ba Zulfa ba. Wannan nake so a fara sani kafin wani ya ce ƙyashi ne yake damuna. Tun ban kai tsawon taɓarya ba nake tsince mata citta da kanumfari, ni nake shan atishawa ranar dakan barkono, ni nake zaga gidajen masu jego a cikin garin Gaya da ƙullin yaji a kwano. Zulfa 'yar ƙanin babana ce, kuma ƙanwata ce nesa ba kusa ba. Sai da hutu take zuwa, ta zauna can nesa da turmi ta toshe hanci da mayafi.

Yajin jego Gwaggo take yi, kuma duk unguwarmu an san babu irinsa. Kayan haɗin ba ɓoyayyu ba ne, kowa ya san da kimba da masoro da fasaƙwari da sauransu. Awon ne ba ta taɓa nuna wa kowa ba, wato yawan abin da za a zuba na wannan da na wancan. In za ta haɗa sai ta kore mu ta saki labule, har ni da nake kwana a bayanta kafin in yi aure.

Bara da kaka ta kira mu, ni da Zulfa, ta ce, "Hannuna ya fara gajiya. Na ji an ce yanzu a cikin waya ake ciniki. Duk wadda ta fitar min da yajin nan ya wuce Wudil, ita zan zaunar in nuna wa awon."

Dariya na yi, don na ɗauka tsokana ce irin tata. Wa za ta nuna wa in ba ni ba? Zulfa kuwa cewa ta yi, "To Gwaggo, Allah ya ba mu iko," da muryar nan tata ta salihai da take ba ni haushi.

A daidai lokacin an kawo wani horo na matasa Gaya, ana koyar da kasuwanci ta intanet. Wani Malam Bashir ne daga Kano yake koyarwa. Na shiga, Zulfa ma ta shiga. Daga Toranke take zuwa, inda take aure, a bayan babur ɗin mijinta Lurwanu, kullum da ƙura a gefen hijabi amma kullum ita ce a bencin gaba. Malam Bashir ya taimaka wa kowa ya buɗe ɗan shafinsa, sannan ya ce buɗe shafi ba shi ne aikin ba.

"Aikin shi ne kiwod," in ji shi. "Wato kalmar da mutum yake bugawa a Google idan yana neman abu. Ki gano abin da mai sayen kayanki yake bugawa, ki gina shafinki a kai, shi ke nan zai faɗo hannunki. In kika gina a kan abin da ke kike so a buga, to ke kaɗai za ki riƙa ziyartar kanki."

Ya nuna mana wata manhaja da ake saka kalma, ta faɗi yawan masu nemanta a wata. Ya yi wasu bayanai a kan saite-saitenta, amma lokacin hankalina yana kan wayar Zulfa, sabuwa fil, wai Lurwanu ne ya saya mata da ya sayar da riɗi. Ni tawa sai na danna da ƙarfi take ji.

Da na koma gida na zauna na gwada. Na saka "yajin jego", lambar da ta fito ba ta taka kara ta karya ba. Na saka "yajin mai jego", ita ma haka. Sai zuciyata ta ce, ke Hadiyya, me kike da shi wanda Zulfa ba ta da shi? Garinki mana. Na buga "Gaya".

Wallahi sai da na ajiye wayar na sake ɗauka. Lamba ce da sifiri reras, sai na bi da yatsa kafin in kai ƙarshenta. Ashe haka duniya take neman garinmu muna nan zaune ba mu sani ba! Ban yi mamaki sosai ba kuma, don Gaya tsohon gari ne mai tarihi. Wa zai buga Toranke? Na gwada ma don in more, manhajar ta nuna kamar ba ta taɓa jin sunan ba. Ranar har tuwo na ƙara.

Na sa wa shafina suna Yajin Gaya. Na rubuta Gaya a sama, Gaya a ƙasa, Gaya a ƙarƙashin kowane hoto. Yajin Gaya daga Gaya, ku zo Gaya ku sayi na Gaya. Ban faɗa wa kowa sirrin ba, har Malam Bashir, don na lura yana yawan yabon Zulfa.

Ita kuwa abin da take yi har tausayi ya ba ni. Sai ta je asibiti ranar awo ta zauna cikin masu ciki, alhali ba ta da komai, tana sauraron abin da suke tambayar juna. Ta je gidan suna ta maƙale a ɗakin mai jego. In ta dawo sai ta buga farkon maganar a Google ta ga yadda zai ƙarasa mata. Da haka ta tara 'yan kalmominta, irin su "inda ake sayar da yajin jego a Kano" da "yajin jego mara zafi sosai" da "me mai jego za ta ci". Wai har ta raba su gida biyu, na masu son sani da na masu son saye, kowanne ta yi masa shafinsa. Har "yadda ake hada yaji" ta rubuta da d maras lanƙwasa, wai haka mutane suke bugawa a waya. Mai takardar sakandare guda, tana ɓata rubutu da gangan.

Wata ranar kasuwa ta kira ni. "Yaya Hadiyya, na ga shafinki, ya yi kyau. Amma da kika duba kalmar nan, kin saita ƙasa kuwa? Kin sa Najeriya?"

"Wace kalma?" na ce.

"Gaya mana. Na ga kin cika ta da yawa."

"Sunan garinmu ne. Ko an hana?"

"A'a Yaya, ba haka nake nufi ba. Malam ya ce in ba a saita ba..."

"Zulfa, ki ji da naki shafin." Na kashe. Na san bugun ciki take yi, ta hango abin da na samu tana so ta ji girmansa.

Sai ga abu ya fara juyawa. Zulfa ta fara aiko Lurwanu ɗaukar yaji. Da farko a leda, daga baya a bokitin fenti, daga baya ya zo da buhu ya ɗaure a bayan babur. Wai wata a Hotoro ta yi oda, wai wata a Dutse, wai an kai tasha an ba direban Kaduna. Ni ce fa nake taya Gwaggo dakan. Ni nake tankaɗe, idona yana ruwa, in ƙulla in miƙa wa mijin Zulfa, shi kuma ya ce, "Sannu da aiki, Yaya." Duk ranar da na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida sai in ja tsaki. Gwaggo kuwa bakinta har kunne, tana ta "Allah ya yi wa yarinyar nan albarka." A gabana take faɗa, ko kara babu.

Nawa shafin ba a ce ba a shiga ba. Ana shiga jefi-jefi. Sai dai wurin da yake nuna daga inda baƙi suka zo, sai in ga Indonesiya, in ga Indiya. Na ce to, yajin Gwaggo ya wuce Wudil, ya ma wuce teku. Na nuna mata. Ta ce, "To sun saya?" Na ce suna shawara tukuna. Wurin da yake nuna abin da suka buga kafin su faɗo kaina shi ne ya fara ɗaure min kai. Wani ya buga "yadda zan gaya mata ina sonta". Wata ta buga "mijina ba ya gaya min gaskiya". Ina ruwan yaji da wannan?

Kira na farko da na samu ta shafin, muna tsakar gida da Gwaggo. Na ga baƙuwar lamba, na sa a sifika da gangan don ta ji da kunnenta.

Muryar wani saurayi ce. "Salamu alaikum, nan ne masu yajin gaya?"

"Nan ne," na ce, ina kallon Gwaggo.

"Yauwa. Mu ɗalibai ne a Wudil. Shi ne wanda ake cin tuwo gaya da shi, in babu miya? Don wallahi Hajiya, ƙarshen wata ya zo mana da..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Amma Gwaggo ta riga ta ji. Ta ajiye rariyar da ke hannunta a hankali.

"Yajin nawa ne na cin gaya?" ta ce. "Yajin da matan malamai suke aikowa a saya tun daga Kademi? Shi kika shiga duniya kika ce na wanda ya rasa miya ne?"

"Gwaggo, sunan gari nake nufi."

"To shi ya san nufinki ne? Abin da kika rubuta ya karanta."

Na tashi na tafi gida. Ban taɓa jin haushin Zulfa kamar ranar ba, ko da yake ba ita ta kira ba.

Abin bai tsaya nan ba. Malam Bashir yana da zaure a WhatsApp na waɗanda suka yi horon, yakan duba shafukanmu ya yi gyara. Sai ga shi ya turo murya. Bai kama suna ba, ya ce "wata 'yar'uwarmu". Ya ce ta ga lamba mai yawa ta bi, ba ta tambayi su waye suke bugawar ba. Ya ce gaya a harshen mutanen Indonesiya salo take nufi, irin salon aski ko na ɗinki, shi ya sa suke buga ta ba dare ba rana. A Indiya kuma akwai wani babban gari mai wannan sunan. A nan gida ma, in Bahaushe ya buga gaya, yawanci gaya wa wani magana yake nufi. "Duk cikinsu babu mai jego ko ɗaya," in ji shi.

Mutum nawa ne a zauren suke da shafi mai Gaya a sama da ƙasa? Aka yi ta turo fuskokin dariya. Zulfa kaɗai ce ba ta turo ba. Da ta yi dariyar ma da ya fi min sauƙi. Sai ta biyo ni ta gefe ta rubuto, "Yaya, in kina so in zo gobe mu gyara tare, kalmomin suna da yawa, sai mu raba." Ji fa. Ta raba min, kamar mai rabon sadaka. Na karanta na bar ta da shuɗiyar alamar an karanta.

Na koma manhajar na saita Najeriya, na sake buga Gaya. Sifiran nan duk suka zube. Amma ban canza sunan shafin ba. In na canza, ai na yarda ke nan.

Bayan sallar layya Gwaggo ta ce za ta je Toranke ta kwana biyu. Wai jigilar ta yi wa Lurwanu yawa, ga shi kuma yana da barkono a gonarsa, gara a daka a can. Da safe na zo na tarar da a-kori-kura a ƙofar gida, Kamalu direba yana ɗora kaya. Mai kwana biyu ba ta tafiya da turmi. Na tsaya ina kallo aka ɗora shi, turmin da na san duk wani tsagu da ke jikinsa, aka ɗora taɓare, aka ɗora rariya. Daga ƙarshe Gwaggo ta fito rungume da ƙaramar ƙwaryar nan da take shiga da ita bayan labule. Ba ta ba Kamalu ba, a cinyarta ta ɗora.

"Gwaggo, ni fa kika riƙa," na ce.

"Na sani, Hadiyya. Ai ban ce na fasa riƙonki ba." Ta gyara zaman ƙwaryar. "Magana na yi a gabanku ku biyu, kika yi dariya. Ki riƙa leƙa min kajin nan."

Motar ta tashi. Na shiga na watsa wa kajin dawa, na zauna a inda turmin yake, wurin ya yi wani zagayayyen rami a ƙasa.

Ko da Gwaggo tana nan, in aka buga "yajin jego Gaya", shafin Zulfa ne yake fitowa a sama, saboda ta rubuta cewa a Gaya ake dakawa. Wannan ma ya daɗe yana cina. Da aka kwana biyu da tafiyar Gwaggo sai Zulfa ta gyara ta mayar da shi Toranke. Ran nan da hantsi na buga, don na saba bugawa kullum kamar mai duba ciwo. Sai ga Yajin Gaya a kan gaba. Ni ce ta ɗaya. Na daɗe ina kallon abin.

Ban ajiye wayar ba kira ya shigo. Mace ce, da kukan jariri a bayanta. Ta ce daga Birnin Kudu take, yayarta ta taɓa kawo mata yajin wata tsohuwa a Gaya, shi take nema, ta buga sai ta gan ni.

"Ya ƙare," na ce.

"Ayya. Yaushe za a samu?"

"Ba rana."

"Ko kin san inda zan samu irinsa?"

Lambar Zulfa tana kaina, ko daga barci aka tashe ni zan karanto ta. Na ce, "Gaskiya ban sani ba."

"Ba komai, na gode," in ji ta. "Na ga wata a ƙasanki, ta Toranke. Bari in kira ta."