Jan Akwatin Bene

Sista na durƙushe a sito, ta ɗora kan Marigayi a cinyarta tana goge masa leɓe da auduga da sifirit. Marigayi mutum-mutumin roba ne, rabin jiki, ba hannu ba ƙafa. Ma'aikatan hukumar ne suka laƙaba masa sunan, don duk ranar horo sai ya mutu, duk ranar kuma sai a farfaɗo da shi. Shi kaɗai ne a ginin da ake yi wa abu a kan lokaci.

Ta zare tsohuwar ledar huhunsa ta sa sabuwa, ta danna ƙirjin da tafin hannu. Ya ce ƙas. Da wannan ƙara ɗalibi ke gane ya danna yadda ya kamata. Ƙanen Marigayi, ɗayan mutum-mutumin, ya daina ƙas tun bara, shi ya sa take ajiye shi don manyan ma'aikata, waɗanda dama ba sa son a ce sun yi kuskure. Ta jera tabarmin durƙuso da safar hannu, sannan ta jawo jakar na'ura.

Na'urar farfaɗo da zuciya biyu ce a ginin, kamar tagwaye. Ta gaske batirinta ya mutu, an cire ta daga jan akwatinta na bene, tana durowar Darakta tana jiran sahalewa. Ta koyarwa kuwa lafiyarta ƙalau. Da muryar mace mai ladabi take cewa a manna, a matsa baya, a danna. Sai dai ba ta sakin wutar da za ta kashe ko sauro.

Turaren Darakta ya riga shi shigowa.

"Sista, gobe baƙi na tafe daga hedikwata, ga jan akwatin bene wayam."

"Ranka ya daɗe, na daɗe da neman a sayo batir."

"Ana dubawa. Wannan fa?"

"Ta koyarwa ce. Magana kawai take yi."

"To mu ma gobe ai abin da za mu yi ke nan. Ki ɓare wannan takardar ta jikinta, ki saka ta a ciki. Kuma ki bar ta can, mutane su riƙa gani suna samun natsuwa."

"Yallaɓai, idan wani ya faɗi, ita za a ɗauko. Za ta ce an ba shi wuta, a tsaya ana jira. Wallahi gara akwatin wayam, ko ba komai a ruga da shi asibiti."

"Wa zai faɗi?" Ya juya zai fita, sai ya tsaya kamar ya tuna wani abu. "Af, ya jikin Akawu? An ce min mijin naki na yawan dafe ƙirji. Ni dai ban ji ba, ban gani ba. Mutum saura ƙiris ya yi ritaya da haƙƙinsa cikakke, ba na son likitan hukuma ya shigo ciki."

Ya yi mata fatan alheri ya tafi. Ta daɗe tana kallon takardar da ke cewa na'urar ta gwaji ce. Sannan ta sa farce. Gam ɗin mai kyau ne, sai da ta sha wahala.

*

Da yamma ta tarar da Akawu a falo, ya cire takalmi ɗaya ya huta kafin ya cire ɗayan.

"Baban Auta, ka sha maganinka na rana?"

"Na sha, Sista. Ko a duba bakina?"

"Da ka nemi a sauko da kai ofishin ƙasa."

"In ce musu me? Ina sha'awar ganin masu gadi? Da na buɗe baki za su ce in kawo takardar likita."

Ta zauna a hannun kujera, maganar na'urar na bakinta. Amma ta san mijinta. In ta faɗa, gobe zai sa rigarsa mai kyau ya je ya tsaya gaban Darakta yana kawo dokar aiki sashe-sashe har numfashi ya ƙwace masa. Likita kuma ya ce a guje masa tashin hankali, kamar tashin hankali wani abu ne da ake gani a hanya a kauce.

"Me kike kallo?"

"Maɓallin rigarka ya kusa cirewa."

*

Baƙin sun yaba. Darakta da kansa ya buɗe jan akwatin, na'urar ta yi magana, aka tafa, aka ɗauki hoto. Ɗaya daga cikinsu ya ce za a ba da misali da wannan reshe.

A ɗakin horo ma'aikata suka zauna a kujerun baya suna jiran satifiket. Sista ta shimfiɗa Marigayi, ta kira Mai Hatimi, wani ƙaton mutum da teburinsa ke manne da na mijinta.

"Durƙusa."

"Haba Sista, da wannan gwiwar? Ki ba ni ɗan ƙanen nan mai shiru mana."

"Wannan za ka danna. Ɗora hannu a kan hannu. Miƙe gwiwar hannunka."

Ya danna kamar mai taɓa jariri. Marigayi bai ce uffan ba.

"Ya mutu," in ji wani daga baya. "Allah ya ji ƙansa, sai a yafe masa."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta sa shi ya sake, ya kuma sakewa, har ƙas ɗin ya fara fita, har gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Wai ni me na yi miki ne, matar abokina?"

"In wani ya faɗi a ofishinku, kada ka tashi daga kansa. Ka yi ta dannawa, ka yi ihu a kawo mota."

"To ita na'urar fa? Ga ta a bakin ƙofarmu."

Darakta na tsaye a ƙofa da baƙi, yana murmushi.

"Kai dai ka danna," in ji ta.

*

Bayan an watse ta hau bene da jakar Marigayi a kafaɗa. A gaban jan akwatin ta sami mijinta, ya dafa bango yana mayar da numfashi, fuskarsa cike da fara'a.

"Ashe da gaske kike aiki, Sista. Kin sa an kawo min ita har bakin ofis." Ya ƙwanƙwasa gilashin da ɗan yatsa kamar mai gaida maƙwabci. "Yanzu sai ki daina bina da ido. In na faɗi ma, ga mai tashe ni."

"Ka sha na rana?"

"Na sha."

Ya goge wurin da yatsansa ya ɓata da bakin hannun riga, ya shiga ofis a hankali. Ta tsaya a barandar, madaurin jakar na cin kafaɗarta, har ta ji ƙarar kujerarsa ya zauna.