Cikin Auta

Tun da Auta ta fara naƙuda da hantsi, Mati ya kasa zama. Ya zuba dusa ya kwashe, ya share gindin turken da ya riga ya share, har matarsa Suwaiba ta leƙo ta ce ko shi ne mai haihuwar. Bai ko kalle ta ba.

Auta saniya ce, kuma ita kaɗai ta rage daga garken gidansu. Tun zamanin kakan Mati suke kiwon shanun Gudali zalla, farare sol masu guntun ƙaho da tozo ɓul-ɓul, waɗanda mahauta ke rububin namansu. Ba su taɓa yarda baƙon bijimi ya shiga garken ba. Duk maraƙin da aka haifa, dattijon gidan ne ke shafa shi, in ya gamsu ya yi masa tsaga biyu a kunnen hagu da wata 'yar wuƙa ta gado. Sai bara ɓarayin shanu suka faɗa wa gonarsu suka kora komai, har da bijimin. Auta ta tsira don tana ɗingishi an bar ta a turke. Aka kawo ta gidansu na unguwar Kambarawa, aka ɗaure a bayan gida, kowa yana cewa Allah ya sa bijimin ya bar mata ciki kafin a tafi da shi.

Abin da ke cin Mati daban ne. Ba a daɗe da kawo ta ba, jan bijimin maƙwabci, wani jibgegen Rahaji da ake kiwatawa don Sallah, ya tsinke igiya ya ture dangar da ke tsakanin gidajen. Ko da Mati ya dawo daga Babbar Kasuwa, ya same shi tsaye kusa da Auta yana huci. Ya kore shi, ya gyara danga, ya ja bakinsa ya yi gum. Ina zai iya gaya wa mahaifinsa, Malam Lado, wanda ya riga ya rasa idanunsa ya kuma rasa garkensa? Tsohon kullum sai ya sa an kai shi ya dafa cikin Auta, yana murmushi, wuƙar nan kuwa ba ta barin aljihunsa.

Wajen azahar ƙafafu suka leƙo. Mati ya kama ya ja a hankali, yana salati. Maraƙin ya sulluɓo ƙasa, namiji, lafiyayye. Auta ta juyo ta shiga lasa, gashin yana fitowa fili. Ja ne wur.

Suwaiba ta kama baki. Can ciki kuwa an ji sandar Malam Lado tana tahowa, ƙwas, ƙwas. Mati ya ji wata dabara ta zo masa: tsoho dai ba ya gani, hannu kuma ba ya gane launi. In ya ce fari ne, wa zai ƙaryata shi? Ya harari matarsa, ta sunkuyar da kai.

"Ta sauka?" in ji Malam Lado.

"Ta sauka, Baba. Namiji ne."

"Alhamdulillahi. Kama min hannu."

Tsohon ya durƙusa da kyar. Ya shafa goshin maraƙin, ya bi kunne, ya sauko wuya, ya auna tsawon ƙafafu da tafinsa, ya sake komawa goshi ya daɗe a wurin. Zufa ta jiƙe wa Mati riga. Ya buɗe baki zai ce fari ne, harshen ya ƙi.

"Ja ne ko?" tsohon ya tambaya a hankali.

"Ja ne, Baba."

Malam Lado ya gyaɗa kai. "Idona ne ya tahi, Mati, ba kunnena ba. Ranar da dangar ga ta faɗi ina ɗaki, na ji kukan bijimin. Na ga ka yi shiru don ni, sai ni ma na yi shiru don kai. Na ce ƙila Allah ya sa namu ya riga shi."

Mati ya ji ƙwalla ta cika masa ido don kunya da tausayi.

Tsohon ya sa hannu a aljihu ya zaro wuƙar. Ya murza kubenta da babban yatsa, bai zare ta ba, ya miƙa wa ɗansa.

"Ungo, sa ta a akwati," ya ce. "A dama wa Auta dusa da ruwan ɗumi, ita ba ta da laihi."