Maɓallin Rigar Tela

Wata biyu ke nan da aka kwance wa Tela ɗaurin karaya a tsintsiyar hannun dama, amma har yau yatsunsa sun ƙi riƙe almakashi. Keken ɗinkinsa na can a lulluɓe da tsohon zani. Matarsa, wadda kowa ke kira Uwar Biyu, ba ta taɓa fashin raka shi wurin likitar gashin ƙashi ba, duk Litinin da Alhamis. In dai kula da miji ne, a ba ta kambu.

Ran nan likitar ta gasa hannun da tawul mai ɗumi, ta murza, ta lanƙwasa, sannan ta ɗauko ma'auninta ta gwada iya inda yatsun ke kaiwa. Ta duba abin da ta rubuta a watan jiya, ta sake gwadawa. Sai ta ɗago ta dube shi.

"Malam, baya muke komawa. Kana matsa ƙwallon robar da na ba ka?"

Tela ya saci kallon matarsa.

"To, ɓalle mini maɓallin rigarka in duba kafaɗar."

Kafin ya ɗaga hannu, Uwar Biyu ta yi wuf ta ɓalle guda uku. Hannunta ya riga ya saba, ko tunani ba ta yi ba.

Likitar ta ajiye biro. "Hajiya, a gida wa ke sa masa riga?"

"Ni mana."

"Abinci fa?"

"A baki nake ba shi. Ƙwallon ma na ɓoye, don in ya matsa har gumi yake yi saboda zafi. Ina raye zan bar shi ya wahala?"

"Minti arba'in yake yi a nan. Sauran aikin a gida yake, kuma ke kika karɓe masa. Gaɓar da ba ta motsi sandarewa take yi. In aka ƙara wata guda a haka, ina tsoron ya yi sallama da almakashi."

Uwar Biyu ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ita da ta hana kanta hutu, take yanka masa nama ƙanana, take fatattakar yara in sun matso kusa da hannun, ashe ita ce ke nakasa shi. Kunya da firgici suka rufe ta.

"Mayar da maɓallan, Malam," in ji likitar. "Da kanka."

Ya kai yatsun kan maɓallin farko. Maɓallin ya kuɓuce, ya sake kuɓucewa. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗinka wa jama'a maɓalli, ga shi guda ɗaya ya gagare shi. Ya ɗago ya dube ta, irin kallon da ya saba yi mata in yana neman agaji.

Ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta danne su da dukkan nauyinta.

"Sake gwadawa, Baban Biyu," ta ce, hawaye na zuba a kan mayafinta.